Rahoto Ba Ya Kashe Wuta: Matsayin Ofishin Kiyaye Lafiya da Muhalli a Jami'a

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin sa ido kan bin ƙa'idojin kiyaye lafiya da muhalli a harabar jami'a, musamman a ɗakunan gwaje-gwaje. An bi diddigin wasu haɗurra da suka auku a jami'o'in Amurka da Indiya tsakanin 1969 da 2016, waɗanda hukumomi suka bincika kuma suka bayyana abin da suka gano, sannan aka auna darasinsu da dokokin Nijeriya da yanayin da jami'o'inmu ke aiki a ciki. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, a mafi yawan waɗannan haɗurra an san da matsalar tun kafin ta zama bala'i, wani lokaci har an rubuta ta a takarda. Abin da aka rasa shi ne wanda ke da ikon cewa a dakata, kuma a dakata ɗin.

1.0 Gabatarwa



A cikin katangar jami'a guda akwai asibiti, da ɗakunan kwanan dubban ɗalibai, da wuraren dafa abinci, da gonar gwaji, da wurin gyaran injuna, da rijiyoyin burtsatse, da juji. Ban da waɗannan, a nan ne ake ajiye sinadarai masu cin wuta da masu guba, da ƙwayoyin cuta masu rai, da na'urori masu fitar da tururin nukiliya, sannan a miƙa su ga matasan da ba su daɗe da barin sakandare ba. Ma'aikacin masana'anta yakan shekara goma yana maimaita aiki ɗaya da sinadari ɗaya har hannunsa ya saba. Mai bincike a jami'a kuwa sabon abu yake nema, aikinsa na yau daban da na jiya, kuma duk shekara waɗanda suka goge suna kammalawa su tafi, sababbin hannu su shigo.

Mu a nan muna da alaƙa ta kusa da ɗaya daga cikin haɗurran da suka sauya yadda duniya ke kallon wannan lamari. A farkon 1969 wata baƙuwar cuta ta kama wata ma'aikaciyar jinya a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos, cutar ta harbi wasu ma'aikatan jinya a can. An aika da samfurin jini zuwa Jami'ar Yale a Amurka. A cikin shekarar, masanin ƙwayoyin cuta Jordi Casals ya kamu a ɗakin bincikensa, da kyar ya sha bayan an ƙara masa ruwan jinin wata ma'aikaciyar jinya da ta warke. Kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin ɗakin gwaji a jami'ar ya kamu ya rasu, alhali ba shi ne ke aiki da ƙwayar cutar kai tsaye ba. Jami'ar ta dakatar da aiki da ƙwayar mai rai, aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka da ke Atlanta, inda ake da ɗakin da aka gina musamman don irin wannan. Wato akwai wanda ya ce a tsaya, aka kuma tsaya. Wannan iko na tsayar da aiki shi ne abin da zan yi magana a kansa.

2.0 Abin da ofishin yake yi

A manyan jami'o'in Amurka akwai ofishi guda da ke riƙe da wannan aiki baki ɗaya. Shi ke da rajistar sinadaran da ke kowane ɗaki. Shi ke horar da sabon ɗalibi ko ma'aikaci kafin ya taɓa kwalba, ya kuma ajiye shaidar horon. Jami'ansa na zagaya ɗakuna suna duba akwatin zuƙe hayaƙi, da shawar gaggawa, da famfon wanke ido, da na'urar kashe gobara, da yadda aka ɗaure tukwanen gas a bango. Su ke kwashe sharar sinadarai su miƙa ta ga kamfanin da ke da lasisin lalata ta, su ke karɓar rahoton duk wani haɗari. Tun 1990 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta wajabta wa duk ɗakin gwaji da ke ƙarƙashin dokarta ya mallaki rubutaccen tsarin mu'amala da sinadarai, da jami'in da aka ɗora wa alhakin aiwatar da shi.

Duk wanda ya karanta wannan zai ɗauka an gama magana. Haɗurran Amurka da zan kawo yanzu duk sun faru ne a wuraren da ke da wannan ofishi.

3.0 Los Anjeles, 2008

Ranar 29 ga Disamba, 2008, lokacin hutun ƙarshen shekara, wata matashiya mai shekara 23, wadda ta taso a Pakistan, tana aiki a wani ɗakin binciken kimiyyar sinadarai na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da ɗaukarta aiki a matsayin mataimakiyar mai bincike. Tana zuƙo wani sinadari na dangin butil-litiyam daga kwalba da sirinjin roba mai cin mililita 60. Halin wannan sinadari shi ne da zarar iska ta taɓa shi sai ya kama da wuta, ba sai an ƙyasta ashana ba. Sandar sirinjin ta zare gaba ɗaya, ruwan ya zubo mata a hannu da jiki, wuta ta tashi. Ba ta sanye da rigar ɗakin gwaji. Suwaita ce ta zaren roba a jikinta, irin wadda ke kamawa ta narke ta manne da fata. Akwai shawar gaggawa a ɗakin, taku kaɗan daga inda take, amma ba a kai ta ƙarƙashinta ba. Sama da kashi 40 cikin ɗari na jikinta ya ƙone. Ta yi kwana 18 tana jinya, ta rasu ranar 16 ga Janairu, 2009.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan mutuwa ya faru ne wata biyu kafin gobarar. A ƙarshen Oktoba na 2008, jami'an ofishin kiyaye lafiya na jami'ar sun shiga wannan ɗakin bincike suka duba shi. Sun sami kurakurai fiye da goma, cikinsu har da cewa masu aiki a ɗakin ba sa sa rigar kariya, kuma an tara ruwa mai cin wuta fiye da ƙima. Suka rubuta rahoto, suka ba da wa'adin gyara zuwa farkon Disamba. Wa'adi ya cika ba a gyara ba, kuma aiki bai tsaya ba ko na yini guda.

A duba da kyau. Jami'in da ya zagaya ya yi aikinsa. Idonsa ya ga abin da ya kamata ya gani, alƙalaminsa ya rubuta. Da za a tambayi jami'ar a ranar 28 ga Disamba ko tana duba ɗakunanta, da ta fito da takarda mai kwanan wata da sa hannu. Amma tsakanin wannan takarda da farfesan da ɗakin ke hannunsa babu wata igiya da za a ja. Farfesa mai kawo kuɗin bincike yana da nauyi a jami'a, jami'in duba ɗaki kuwa ƙaramin ma'aikaci ne daga ɓangaren mulki. Idan ya ce a gyara aka ce masa to, iyakarsa ke nan.

Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Jihar Kalifoniya ta ci jami'ar tarar dala 31,875 a 2009, kuma daga cikin laifuffukan har da rashin shaidar cewa an horar da marigayiyar kan aiki da irin wannan sinadari. A Disamba 2011 mai gabatar da ƙara na gundumar ya gurfanar da majalisar gudanarwar jami'ar da shi kansa farfesan a kotu bisa manyan laifuffuka na karya dokar ƙwadago, abin da ya girgiza malaman jami'o'in ƙasar, domin ba su saba ganin an tuhumi ɗayansu kan haɗarin ɗakin bincike ba. A Yuli 2012 majalisar ta amsa cewa alhakin yanayin ɗakin yana wuyanta, ta yi alkawarin sabon tsarin kariya, ta kuma ware dala 500,000 don tallafin karatu da sunan marigayiyar. Farfesan ya sasanta da masu ƙara a Yuni 2014 bisa sharaɗin aikin al'umma na awa 800 da biyan dala 10,000 ga cibiyar jinyar ƙuna, aka kori ƙarar a 2018. Kuɗin lauyoyin da jami'ar ta kashe ya kai wajen dala miliyan 4.5 zuwa 2014. Rigar da ba ta cin wuta, wadda jami'ar ta koma rarraba wa masu bincike bayan mutuwar, ba ta kai ko ƙurar wannan kuɗi ba.

4.0 Lubok, Honolulu da Hanoba

Shekara guda da kwanaki bayan waccan gobara, ranar 7 ga Janairu, 2010, wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Texas Tech da ke Lubok yana aiki da wani sinadari mai fashewa na dangin nikel da haidirazin. Malaman da ke kula da aikin sun ce kada a haɗa fiye da miligiram 100 a lokaci guda, amma da baki suka faɗa, ba a rubuta ba. Aka haɗa wajen giram 10, wato ninki ɗari. Ɗalibin ya zuba kusan rabi a ɗan turmin gwaji don ya murƙushe gudajin da ke ciki, ya cire tabaransa na kariya, ya sake taɓa shi, abin ya tarwatse. Ya rasa yatsu uku, ya ƙone a hannu da fuska, idonsa ya sami rauni.

Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, wadda ta saba binciken matatun mai da manyan masana'antu, ta ɗauki wannan lamari ta fitar da rahoto a Oktoba 2011. Ba ta tsaya kan gangancin ɗalibin ba, ko da yake akwai ganganci. Ta gano cewa an taɓa samun ƙananan haɗurra biyu a wannan rukunin bincike ba tare da an ɗauki darasinsu an yaɗa ba. Ta gano cewa ofishin kiyaye lafiya yana ɓangaren mulki ne, ba shi da iko kai tsaye kan malaman da ke jagorantar bincike. Ta gano cewa ma'aikatar tsaron cikin gida, wadda ta ba da kuɗin aikin, ba ta gindaya wani sharaɗin kariya na musamman ba. Ta kuma nuna cewa ƙa'idar OSHA ta 1990 ta fi mai da hankali kan gubar sinadari ga jiki, ba ta kula sosai da fashewa da gobara ba. A lokacin hukumar ta ce ta tattara bayanan farko na haɗurra 120 a ɗakunan gwajin jami'o'i tun daga 2001. Gyaran da jami'ar ta yi daga baya ya nuna inda ciwon yake: an ɗauke ofishin aka mayar da shi ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'a mai kula da bincike, wanda malamai ke jin maganarsa domin ta hannunsa kuɗin bincikensu ke bi.

A Jami'ar Hawai da ke Honolulu, ranar 16 ga Maris, 2016, wata mai bincike ta rasa hannu guda lokacin da tankin ƙarfe mai cin lita 49, wanda aka cika da haɗin iskar haidirojin da oksijin da kabon dayoksaid, ya fashe. Masu bincike sun danganta abin da tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jiki ko a ƙarfe, domin ba a haɗa tankin da wayar ƙasa ba. Kwana guda kafin nan wata ƙaramar tukunya mai irin wannan haɗi ta yi ƙara a ɗakin. Ba a dakata ba.

Akwai wani lamari da ya sha bamban, kuma adalci ne a kawo shi. A Agusta 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth da ke Hanoba, ƙwararriya kan gubar ƙarafa, tana aiki da wani nau'in zaiba mai suna daimetilmakuri. Tana aikin ne a akwatin zuƙe hayaƙi, tana sanye da safar hannu ta roba kamar yadda ƙa'idar lokacin ta ce. Ɗigo ɗaya ko biyu ya faɗo mata a bayan safar. Sai bayan wajen wata biyar alamun guba suka bayyana, ta rasu a Yuni 1997 tana da shekara 48. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna sinadarin na ratsa irin wannan safa cikin kimanin daƙiƙa 15. Ita ba ta karya doka ba, dokar ce ba ta san abin da take magana a kai ba. Saboda haka ofishin da muke magana a kansa ba wurin tura ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi ba ne. Yana buƙatar masana da za su zauna da mai bincike su tambaye shi, kafin ya fara: mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa a wannan gwaji, kuma me ka tanada?

5.0 Abin da ke fita ta ƙofar baya

Rabin aikin ofishin ya shafi mutanen da ba su taɓa shiga aji ba. A farkon 2010 Jami'ar Delhi ta Indiya ta yi gwanjon wasu tsofaffin kayan sashen kimiyyar sinadarai. A cikinsu akwai wata na'ura da aka sayo a ƙarshen shekarun 1960, aka daina amfani da ita tun tsakiyar shekarun 1980, kuma tana ɗauke da kobal-60 mai fitar da tururin nukiliya. 'Yan gwangwan na kasuwar Mayapuri suka saya, suka farfasa ta kamar kowane ƙarfe. A Afrilu mutane suka fara kwanciya asibiti, ɗaya ya rasu, wasu suka sami munanan raunuka. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta ƙasar ta dakatar da jami'ar daga amfani da irin waɗannan kayayyaki. Waɗanda suka sayo na'urar sun daɗe da barin aiki, waɗanda suka gaje su kuma ba su san haɗarin abin da ke cikin sitonsu ba.

Duk wanda ya san harabar jami'o'inmu ya san 'yan bola-jari na zagaya ta, ya san masu shara da masu wanke kwalabe su ne ke fara shiga ɗakin gwaji da safe, galibinsu ma'aikatan wucin gadi ne da ba a taɓa yi musu bayanin ma'anar alamar ƙoƙon kai da ke jikin kwalba ba. Babbar kwalbar sinadari mai cin lita biyu da rabi abar sha'awa ce ga mai neman mazubin kananzir ko man gyaɗa. Abin da aka tuttular a wurin wanke hannu kuma yana bin bututu ya shiga ramin sokawe, daga nan ya tsiyaya ƙasa, ƙasar da muke haƙa burtsatse a cikinta. Wani sinadarin ma ba ya jira ya isa can: sodiyam azaid, da ake yawan amfani da shi a ɗakunan nazarin halittu, idan ya haɗu da bututun dalma ko na jan ƙarfe yakan zama abu mai fashewa a cikin bututun.

6.0 Dokokinmu da yanayinmu

Ba dokoki muka rasa ba. Bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa dokar hana zubar da shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. A 1992 aka yi dokar auna tasirin manyan ayyuka kan muhalli, a 2007 aka kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA. Muna da dokar kariya daga tururin nukiliya ta 1995, wadda ta haifar da hukumar NNRA. Muna da majalisar rajistar jami'an duba-gari tun 2002, da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, da hukumar kula da halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta tun 2015. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata tun 1994.

Amma a ɗauki ɗalibar digiri na biyu da ke tsaye ita kaɗai a ɗakin gwaji da ƙarfe tara na dare, a tambaya: wace doka ce ke tsaye a bayanta? Dokar masana'antu, wadda sufetocin ma'aikatar ƙwadago ke aiki da ita, don masana'anta aka tsara ta. Dokar diyya tana magana ne kan wanda ke da yarjejeniyar aiki, ita kuwa ɗalibar biyan kuɗin makaranta take yi, ba biyanta ake yi ba. A cikin jami'ar kanta, a galibin wuraren da na sani, aikin a warwatse yake. Duba-gari yana ƙarƙashin asibitin jami'a, hankalinsa na kan wuraren sayar da abinci da banɗakuna. Kashe gobara na hannun sashen tsaro, shara na hannun sashen ayyuka ko ɗan kwangila. Ɗakin gwaji kuma an bar wa jami'an fasaha, waɗanda su ne suka fi kowa sanin abin da ke cikin kowace kwalba, kuma su ne muryarsu ba ta isa zauren majalisar dattawan jami'a. Kwamitin da ya binciki buƙatun jami'o'in gwamnati a 2012 ya ba da rahoton ɗakunan gwaji da ake kunna risho a madadin murhun gas na gwaji. Inda aka kai ga haka, ba sai an tambayi halin da shawar gaggawa ke ciki ba.

Sannan ga yanayinmu, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su yi lissafinsa ba. Sinadarin nan mai suna ita (ether), da ake amfani da shi kullum a ɗakunan kimiyyar sinadarai, yana tafasa ne a kusan digiri 35 a ma'aunin salshiyos. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin bazara yakan wuce digiri 40. Ke nan kwalbar da ke sito mai rufin kwano tana tafasa ita kaɗai, tururinta mai nauyi yana bin ƙasa yana neman tartsatsi. Idan aka ce a sa ta a firji, firjin gida aka saya, wanda makunninsa na ciki ke iya yin tartsatsin. Idan ta tsufa a kan kanta kuma takan haifar da wani abu mai fashewa, har buɗe murfin ya zama haɗari, haka ma tsohon asid na fikirik idan ya bushe. Akwatin zuƙe hayaƙi da lantarki yake aiki; in aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, hayaƙin cikin ɗaki zai dawo. Ƙa'ida ta ce wanda asid ya zubo wa ya yi minti 15 ƙarƙashin ruwa mai gudu, mu kuwa tankin kan ginin yakan wuni babu ɗigo. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara taruwar irin lantarkin da ya tarwatsa tankin Honolulu. Janareton da aka ajiye a baranda don ceton samfurin da ke firji yana cika ɗakin da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. A ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ɗakin mutum huɗu ke ɗaukar ninkin haka, hita da risho da wayoyin da aka jojjona suna kwana tare da ƙofar fita ta gaggawa da aka garƙame da kwaɗo saboda ɓarayi.

Za a ce duk wannan rashin kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki, amma muna da hujja a gida cewa harabar jami'ar Nijeriya na iya riƙe ƙa'ida mafi tsanani. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. A 2018 aka sauya makamashinta daga yuraniyam mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Wannan tukunya ba ta aiki sai da lasisin NNRA, masu sarrafa ta sai an jarraba su, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya na da hurumin zuwa ta duba. Malamanmu ne da ma'aikatanmu ke gudanar da ita, cikin zafinmu da hunturunmu. Bambancinta da ɗakin gwajin da ke ɗaya gefen titi shi ne akwai wanda zai iya janye lasisi, kuma kowa ya san zai iya.

7.0 Abin da nake roƙo

Roƙona na farko ga majalisun gudanarwar jami'o'i ne. A tattara wannan aiki a ofishi guda, a ɗora masa shugaba masanin kimiyya, ya riƙa kai rahoto kai tsaye ga shugaban jami'a ko mataimakinsa mai kula da harkar ilimi. A rubuta a cikin dokokin jami'a cewa wannan ofishi na da ikon rufe ɗakin gwaji nan take idan ya ga haɗarin da ke iya kisa, ko ɗakin na wane ne, kuma ba mai buɗewa sai an gyara. Idan aka kafa ofishin aka hana shi wannan iko, an maimaita abin da ya faru a Los Anjeles ne kawai, an tanadi takardar da za a nuna wa kotu bayan jana'iza.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana riƙe da abin da kowace jami'a ke tsoro, wato tantance kwasa-kwasai. Tawagar tantancewa ta nemi rajistar sinadarai, da shaidar horar da ɗalibai da masu shara, da littafin haɗurra, da takardar inda sharar bara ta tafi. Littafin haɗurran da aka samu fari fat alama ce ta ɓoyewa, kuma a ɗauke shi a haka. Asusun TETFund, wanda ke gina ɗakunan gwaji yana kuma ba da tallafin bincike, ya sa sharaɗin cewa ba za a saki kuɗin bincike ba sai mai nema ya rubuta haɗurran da ke cikin aikinsa da abin da ya tanada, ya kuma ware wani kaso don kayan kariya da kwashe shara. Bayanin alamomin haɗari guda tara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta daidaita a manna shi a kowace ƙofa da Hausa, boko da ajami, da sauran harsunan da masu shara ke ji. Ɗalibin da ya kawo rahoton kuskurensa kuma kada a hukunta shi, domin wanda aka hukunta sau ɗaya shi da abokansa ba za su sake faɗa ba.

Malamaina shugabannin sassa da ke wannan zaure, akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi ko wata sabuwar doka. Idan kun koma, kafin wannan zangon karatu ya ƙare, ku kira babban jami'in fasaha na sashenku ku buɗe sito tare, ku rubuta duk abin da ke ciki, ku ware kwalaben da rubutunsu ya goge, kada kowa ya buɗe su. Ku hana ɗalibi aiki shi kaɗai da dare. Sannan ku je ga shawar gaggawa ku ja sarƙarta da hannunku. Idan ruwa bai zubo ba, ku dakatar da duk wani gwaji da asid ko wuta a wannan ɗaki har sai ya zubo.